Agogon da Ya Dace da Labule

Tun ranar da direban motar makarantar nan ya fara kallon bidiyon gyaran ɗaki a wayarsa, babu abin da ya sake burge shi a duniya. Ya shiga gidan mutum, ya ce kujeru sun yi yawa. Ya shiga ofis, ya ce fentin bango yana faɗa da na ƙofa. Ko shayi aka miƙo masa sai ya juya kofin ya ce launinsa bai tafi da na faranti ba. Maganarsa ɗaya ce, “ba tsari,” har mutanen benen da yake haya suka manta sunansa na yanka suka koma kiransa Mai Tsari. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, yana amsawa har da ɗaga hannu.

Aikin da yake ci da shi dai tuƙi ne. Kullum ƙarfe shida na safe sai ya tada bas ɗin wata makarantar firamare ya bi unguwanni yana kwasar yara talatin da biyu. Shugabar makarantar, wata gajeriyar mata da ba ta taɓa ɗaga murya ba, tana da doka guda da kowane direba ya haddace: wanda ya makara sau uku a zango ɗaya ya rataye makullin mota a ƙusar ofis ya kama gabansa. Shekara goma sha ɗaya Mai Tsari bai makara ko sau ɗaya ba, kuma ya yi imani ƙwazonsa ne.

Wata uku ya yi yana fama da ɗakin barcinsu. Ya fitar da durowa, ya fitar da kujera, ya sa zarto ya rage wa gado ƙafafu har ya kusa kwanciya a ƙasa, wai gadon zamani ba ya tsayi. Bango ruwan toka, labule ruwan toka mai ɗan duhu, zanin gado ruwan toka mai ɗan haske, kuma kowanne yana da sunan da yake kiransa da shi. A bango hoto ɗaya ne, babu komai a cikinsa sai baƙin layi guda. Maiɗakinsa, wadda tela ce kuma ita ta ɗinka labulen, ta tambaye shi ko mai zanen bai gama ba aka karɓo. Kwana biyu ya yi yana amsa mata magana da hanci.

Shirinsa babba ne. Ya gayyaci maƙwabta ranar Asabar da yamma su zo su ga ɗaki, su fita su baza labari, daga nan mutane su fara layi a ƙofarsa neman shawara. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, shi ne agogon da ke kan ɗan teburin gefen gado.

Agogon na ƙarfe ne, kore shar, da ƙararrawa biyu a ka da ’yar guduma a tsakani, sai an murɗa makullin bayansa kullum yake tafiya. Surukinsa ne ya ba shi ranar da ya sami aikin, bayan ya taɓa ganin yadda aka sha fama kafin a tashe shi daga barcin rana. Ƙarfe biyar na asuba in ya buga, har gilashin taga sai ya amsa. Wani tsohon sufeton ’yan sanda mai ritaya da ke zaune a hawan ƙasa shi ya raɗa masa suna Gobara, domin ranar farko da ya ji shi da bokitin ruwa ya fito. Tun daga nan Sufeto yake alwashin wata rana sai ya kama agogon nan ya kulle. Wata nas da ke hawan sama ita ma takan ce rabin masu hawan jinin benen nan Gobara ne ya jawo musu.

Babbar hujjar Mai Tsari kuwa a kan matashin kai take. Maiɗakinsa ba ta kwanciya sai ta toshe kunnuwanta da auduga.

“Madam, dubi yadda ƙarfen nan ya mayar da ke,” in ji shi ranar Talata da safe. Tun da ya fara gyaran ɗaki ya koma ce mata Madam. “Shekara goma sha ɗaya kina kwana da auduga a kunne.”

Ta dube shi, ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, ta fasa. “Maigida, agogon nan dai bai taɓa sa ka makara ba.”

“Ba maganar makara ake ba. Maganar tsari ake.”

Ta ce to ya ajiye waya a gefe ko don ko-ta-kwana. Ya ce ɗakin zamani ba a shiga da waya cikinsa, ya gani a bidiyo, a wayar.

Da ya tashi daga aiki ya yanki ɗan ƙyallen da ya rage na labulen ya nufi shagon agogo. Mai shagon dattijo ne mai tabarau a kan hanci, wanda ya daɗe yana sayar wa mutane abin tashi daga barci har ya iya gane mai nauyin barci daga tafiyarsa. Bai tambayi launi ba, bai tambayi girma ba, ya tambayi yadda barcinsa yake.

“Ni?” in ji Mai Tsari. “Ganye ya faɗo a waje sai na ji. Agogon ma don ado nake nema.”

Mai shago ya dube shi ta saman tabarau ya ɗauko wani ja mai ƙaton lasifika. Mai Tsari ya kara ƙyallen a jikinsa ya ja da baya kamar an nuna masa ɓera. Haka ya bi kanta yana kara ƙyalle a jikin agogo ɗaya bayan ɗaya, yana lumshe ido ɗaya, har ya iso kan wata farar ƙwallo mai santsi. Mai shago ya ce wannan ba ta ihu, haske take kawowa a hankali kamar gari na wayewa, sannan ta saki kukan tsuntsaye. Ya ƙara da cewa an yi ta ne don masu barcin zomo. Mai Tsari ya ce ai an yi ta ne dominsa ke nan.

A matakalar bene ya yi bikin miƙa Gobara. Ya kira Sufeto, ya ɗora masa agogon a hannu biyu, ya ce daga yau mutanen gidan nan sun sami ’yanci. Sufeto ya riƙe shi ta wuya ya ce yau dai mai laifi ya shiga hannu. Ya kai shi ɗaki ya jefa cikin tsohon akwatin ƙarfensa na aiki ya danna kwaɗo. Nas ta leƙo daga sama ta yi musu tafi.

Ƙwallon tana da waya mai shiga soket, kuma baƙa ce, ta ɓata wa Mai Tsari kallo. Sai ya tura ƙwallon da wayarta bayan labule, a kan dakalin taga, ɗaki ya koma fes. Asubar Laraba ƙwallo ta yi aikinta tsakani da Allah. Ta haskaka titi, ta yi wa tantabarun waje kukan tsuntsaye, su ma suka amsa mata. A cikin ɗaki kuwa labulen bai bar ko ɗigon haske ya wuce ba. Sai bakwai da minti goma maiɗakinsa ta farka ta girgiza shi.

Ya fito yana sa takalmi a matakala, sai ya tarar ba shi kaɗai ba ne. Nas ta wuce shi a guje da jaka a baki tana ɗaura ɗankwali, tana cewa wayarta ce ta lalace. Gaskiyar magana, shekara shida ba ta saita komai a wayar ba. Sufeto yana tsaye a ƙofarsa da singileti yana kallon rana kamar ta shigo ba izini. Abokan zagayensa na safe sun tafi sun bar shi, ga maganin da yake sha ƙarfe biyar ko taɓa shi bai yi ba. Kowa ya gaisa da kowa sama-sama, babu wanda ya ambaci sunan Gobara.

A hanya ya tarar da yara tsaye a bakin titi da iyayensu, kowace uwa da irin kallon da ta tanadar masa. Shugaba tana bakin ƙofar makaranta. Ya fara bayanin yadda hasken agogon zamani yake aiki da ƙwaƙwalwa, ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ɗaga yatsa ɗaya ta juya.

A gida ya ce laifin labule ne, an yi masa shafi mai kauri fiye da ƙima. Maiɗakinsa ta tuna masa cewa shi ya tsaya a kanta ya ce ta ninka shafin sau biyu. Ya ce tela ta gari ai takan ba da shawara. Ta ce ta bayar, ranar ma ya ce mata ba tsari.

Ya koma shago da ƙwallo da ƙyalle. Wannan karon ya yarda a sami ɗan sauti, amma kada ya wuce hankali. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan dunƙule ruwan toka mai tayoyi biyu. Mai shago ya ce wannan in ya buga sai ya diro daga tebur ya yi ta gudu a ɗaki yana ihu, dole mutum ya tashi ya kamo shi. Ya ja masa kunne sau biyu cewa a rufe ƙofa kafin a kwanta. Mai Tsari yana can yana kara ƙyalle a jikin tayoyin, ya ce ya ji.

Da ya ɗora shi a kan ɗan teburin, sai ya ga ruwan tokar agogon ya ɗan fi na teburin duhu. Wani zai ce ba komai, amma ba Mai Tsari ba. Ya ɗauko gwangwanin fenti ya shafe teburin da yammar nan, ya ɗora agogon tun fentin bai bushe ba don ya ga yadda suka haɗu. Warin fenti ya cika gida har idanu na ruwa. Dole aka bar ƙofar ɗaki a buɗe, aka bar ta falo ma, aka ja ƙofar raga kawai, wadda ƙasanta ya daɗe da yagewa.

Ƙarfe biyar na Alhamis agogo ya diro. Bai ɓata lokaci a ɗakin ba, ya miƙe ta falo, ya bi ta yagewar raga, ya kama matakala yana gangarawa ɗaya bayan ɗaya da ihunsa, ya tafi da ihun gaba ɗaya. Bai tsaya ba sai a ƙofar Sufeto, inda ya yi ta dukan katako yana juyawa. Sufeto ya fito da kulkinsa na da. Bai tsaya tambaya ba ya sauke masa uku masu kyau, ya kwashe abin da ya rage ya tsoma a bokitin ruwa, ya jawo kujera ya zauna gadi har gari ya waye.

Da haske ya fito sai ya ga layi biyu na fenti sun taso daga ƙofarsa sun hau bene. Tsohon aiki ya motsa. Ya bi sawun yana duƙe, hawa bayan hawa, har ƙofar ragar Mai Tsari. Daga ciki yana jin wata ƙara mai tashi da sauka, ya ɗauka injin jan ruwa ne aka manta a kunne. Ya yi sallama sau huɗu kafin maiɗakin ta fito tana cire auduga. Ƙarfe bakwai saura kwata.

“Wannan naka ne?” in ji Sufeto, ya ɗago taya ɗaya tana ɗigar ruwa.

“Ka kashe shi, Sufeto.”

“Shi ya fara kawo mini hari. Ina da shaidu, ga sawunsa nan har gadonka.”

Ranar Shugaba ba ta ma jira bayani ba. Ta ɗaga yatsu biyu, sannan ta juya ta dubi ƙusar da ke bangon ofis, ta daɗe tana dubanta don ya gani.

Nan ne tsoro ya kama Mai Tsari da gaske. Da rana ya zauna shi kaɗai a cikin bas, hannunsa a kan sitiyarin da ya goge da tafinsa har ya yi sheƙi. Ya tuna yadda ’yan aji ɗaya suke rige-rigen zama a bayansa suna kiransa Baba Direba, ya tuna cewa har yau ko mutum ɗaya bai taɓa neman shawararsa kan ɗaki ba, shi yake bi yana bayarwa. Yana son aikin nan, kuma bai san haka sosai ba sai da ya ga ƙusar.

Maiɗakinsa ta ce masa cikin lallashi ya sauka ya karɓo Gobara, babu wanda zai ce komai. Ya sauka kuwa. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ke nan sai ya jiyo Sufeto a ciki yana ba Nas labarin farautar safe, har da kwaikwayon ihun agogon, ita kuma tana dariya har da tari. Ya sauke hannunsa ya gyara wuyan riga, ya wuce shago.

Mai shago ya ga ƙyallen tun daga nesa ya cire tabarau ya goge. Wannan karon Mai Tsari ya nuna wani guntun katako ruwan toka, mai kusurwa huɗu, ba fuska ba hannu. Launinsa da na ƙyallen kamar tare aka rina su. Mai shago ya ce wannan sai an tafa masa yake nuna lokaci a jikin katakon. In ya buga, magana kawai za ka yi ya yi shiru, ya sake gwadawa bayan minti biyar, sau uku, daga nan ya haƙura. Kuma yana naɗar duk abin da ya ji a lokacin, don mutum ya saurari yadda ya tashi. Sai ya rage murya ya yi tambaya.

“Ranka ya daɗe, kana minshari?”

Mai Tsari ya ji kamar an mare shi. “Ni? Ka je ka tambayi Madam. Wani lokaci sai ta taɓa ni ta ji ko ina da rai.”

Mai shago ya ce ya tambaya ne saboda katakon ba ya bambance magana da wata ƙara, duk abin da ya ji da ƙarfi umarni ne a wurinsa. Mai Tsari ya ce a ɗakinsa ba a yin ƙara, ko agogo aka kawo sai ya koyi ladabi.

Asubar Juma’a ya tsinci kansa zaune a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, idanu a buɗe, da wani ɗan amo yana ɓacewa a can cikin kansa. Ya tafa. Jikin katako ya nuna biyar da kwata. Ya girgiza maiɗakinsa ya faɗa mata abin da ke ransa, ya yi salla, ya yi wanka har da waƙa. Shida saura minti biyar bas na kan titi.

Ranar duk wanda ya haɗu da shi ya sha bayani. Ya ce wa mai gadin makaranta agogon zamani ba kunne yake bi ba, ta cikin jini yake tashin mutum, ba ka ma sanin an tashe ka. Ya ce wa Nas, wadda ita ma ranar ta fito a kan lokaci da ɗankwalinta a ɗaure, ta zo gobe ta ga abin da asibitinsu ya kamata ya saya. Sufeto ya dawo daga zagayensa yana ta duban ƙasa, Mai Tsari ya ɗauka kunyar kisan da ya yi ce ta hana shi haɗa ido, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yafe.

Asabar da yamma maƙwabta suka hallara. Aka tuɓe takalma a ƙofa, aka shiga aka tsaya, don babu abin zama. Nas ta duba bango ta duba gado ta ce ɗakin ya yi tsaf, saura ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa irin na asibiti. Sufeto ya tsaya gaban hoton baƙin layi ya tambaya ko taswirar hanyar da agogon shekaranjiya ya bi ce. Ana cikin haka sai ga Shugaba, ta zo karɓar ɗinkinta wurin maiɗakin. Mai Tsari ya ga dama ta samu, ya roƙe ta ta shigo ta ga abin da ya kawo ƙarshen makara har abada.

Ya tafa, lokaci ya fito a jikin katako. Mutane suka yi mamaki, kowa ya gwada nasa tafin. Da a nan ya tsaya, da ya kwana da mutuncinsa. Amma ya ce bari su ji da kunnensu yadda mai tsari yake tashi daga barci, ya danna madannin da ke maido da naɗin safiyar Juma’a.

Da farko wani sauti ne mai daɗi, siriri, kamar ana taɓa cokali a jikin kofi. Bai kai uku ba sai wata ƙara ta taso ta danne shi, mai kauri, mai ja da tsawo, ta hau sama ta tsaya ta gangaro da fito a ƙarshe. Nan take sautin cokali ya ɗauke.

“Babbar mota ce ta wuce,” in ji Mai Tsari.

Cokali ya sake farawa. Babbar mota ta sake wucewa, ya sake yin shiru.

“Wannan injin ruwan ne,” in ji Sufeto. “Na ji shi shekaranjiya a ƙofarka.”

A karo na uku injin ya ja, ya ja, ya sarƙe, ya yi tsaki, sannan wata murya mai nauyin barci ta ce a fili, “Ba tsari.” Ya ci gaba da ja.

Nas ta toshe baki da gefen mayafi ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Mai Tsari ya kai hannu zai kashe, ya tafa a maimakon dannawa, katako ya nuna masa lokaci. Sai ga wani amo daga nesa a cikin naɗin, kamar daga ƙarƙashin ƙasa, yana kaɗawa yana girgiza ƙarfe. Babu mutum ɗaya a ɗakin da bai san muryar nan ba, ban da Shugaba. Aka ji gado ya motsa, aka ji tafi, sannan muryar Mai Tsari garau cike da alfahari: “Kin ga aikin zamani, Madam?”

Duk aka juya ga Sufeto. Ya gyara tsayuwa ya ce shi binciken kayan shaida yake yi, doka ta yarda a gwada ko suna aiki. Nas ta juyo tana share hawaye ta ce ya daina wahalar da kansa, ita ta sauka ranar Alhamis ta roƙe shi, ita ta murɗa makullin da hannunta, garin sauri ta saita shi baya da kwata, shi kuma ya mayar cikin akwati ya rufe don kada a gane. Akwatin ne ya ƙara masa murya.

Mai Tsari bai ji rabin wannan ba. Maiɗakinsa yake kallo, tana tsaye a bakin ƙofa da ɗinkin Shugaba a hannu.

“Audugar nan fa?” ya tambaya a hankali.

“Gobara minti ɗaya yake yi, Maigida. Kai kwana kake.”

“Shekara goma sha ɗaya ba ki faɗa mini ba?”

“Mutumin da zai tashi ƙarfe biyar ya ɗauko ’ya’yan mutane, gara ya yi barcinsa. Auduga ba ta da nauyi.”

Kunya ta rufe shi, kuma a ƙarƙashin kunyar ya ji matar nan ta ƙara girma a idonsa. Shugaba ta matso. Ta karɓi ɗinkinta, ta ce ɗaki ya yi kyau, ta tuna masa cewa saura mako bakwai a gama zango. Ta ɗaga yatsu biyu, ta ɗan motsa na uku ba tare da ta miƙe shi ba, ta tsaya a bakin ƙofa don ta ga ƙarshen zancen.

Sufeto ya zaɓi wannan lokacin ya sanar cewa gobe zai tafi wurin ’yarsa ya yi wata guda, kuma da Gobara zai tafi, don ya saba da shi. Nas ta ce bai isa ba. Mai Tsari ya matsa kusa ya rage murya ya ce a matsayinsu na maƙwabta a duba lamarin. Sufeto ya ce shi bai iya raɗa ba, kuma ba a sakin wanda ke tsare sai an ɗauki jawabi. Mai ƙara ya faɗi gaskiya a gaban jama’a.

“Wani lokaci nakan ɗan ja numfashi da ƙarfi,” in ji Mai Tsari.

Sufeto ya miƙa yatsa wajen madannin katako.

“Ina minshari.”

“A ƙara murya, na baya ba su ji ba.”

“Ina minshari, Sufeto. Kuma barcina ya fi dutse nauyi. A ba ni agogona.”

Aka ba da belin Gobara a take, maiɗakin ta tsaya masa. Sufeto ya hauro da shi a hannu biyu, ya ture katakon gefe, ya dasa shi a tsakiyar teburin ruwan toka, kore shar, da ɗan tsatsar akwati a gindinsa. Nas ta murɗa makullin da kanta kafin ta fita, ta ce ba ta yarda da kowa ba.

Litinin bas ya tashi shida daidai. Da yamma Mai Tsari ya ce wa maiɗakinsa ta shirya su je shagon yadi. Ya naɗe Gobara a tawul ya saƙale a hammata. A shagon ya buɗe shi a kan kanta, ya ce wa mai yadi a fito masa da labulen da zai dace da wannan. Ya bi bandir-bandir yana kara agogo a jikin yadi, yana lumshe ido ɗaya, yana bayanin cewa kore ne abin da ake yayi yanzu, ruwan toka ya wuce, sai dai mutane kaɗan ne suka sani tukuna.

Ya manta cewa Gobara bai san safe da yamma ba, biyar kawai ya sani. Yana cikin bayani agogo ya saki murya. Mai yadi ya yar da almakashi, wata mai sayayya ta yi waje da yadin da ba a yanka ba yana binta. Mai Tsari ya tsaya ƙyam har guduma ta gaji, sannan ya dubi mai yadi.

“Ka ji ko? Ba a yin irinsa yanzu.”

A hanyar gida maiɗakinsa ta tsaya a kantin magani. Kafin ta yi magana ya riga ta, ya ce a ba shi auduga, babbar, mai laushi. Mai kantin ya tambaya ko rauni aka yi a gida. Ya ce a’a, ta Madam ce, ya karɓi ledar ya haɗa da Gobara ya riƙo su har gida.